Zirnako a Cikin Tukunya

Kwanan baya wasu samari masu kiɗan biki suka kawo mini gyaran amfilifaya. Ina cikin aiki ɗaya daga cikinsu ya hango wani ɗan akwatin ƙarfe a kan kanta, ya tambaye ni mene ne. Na ce faz ne, na jita. Ya yi dariya, ya zaro wayarsa ya nuna mini irinsa barkatai a ciki, ya ce ai wannan ba aiki ba ne, takawa kawai ake yi jita ta ɗauki ƙara. Na ci gaba da aikina, domin ƙarfen liƙi na hannuna, kuma ba na son surutu in ina liƙi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin yake, ku da kuke ganin takawa ce kawai.

Sunana Altine. Na koyi gyaran rediyo a Illela a shekarun tamanin, a hannun Malam Arzika, wanda rumfarsa ke kan hanyar da ta miƙe daga kasuwa zuwa bakin iyaka. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana, ba ka ganinsa ba babbar riga ko da garin zai narke. Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: mita mai allura, filaya, hantsaki, sukundireba manya da ƙanana, dalma, da ƙarfen liƙi na tagulla da ake gasawa a garwashi, don wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce, in ta zo a gaisa. Farkon zuwana bai bar ni na taɓa rediyon kowa ba. Aikina fifita gawayi da kwance matattun rediyoyi, in ciro kayan cikinsu ɗaya-ɗaya ba tare da na ƙona su ba, in ware su a gwangwanayen madara. In na ciro transista na miƙa masa, sai ya taɓa ta da leɓensa. In da ɗumi, na daɗe da ƙarfe a kanta ke nan, sai ya jefa ta waje ya miƙo mini wata rediyon.

Faz na farko da na gani wani Bazabarme ne ya kawo shi daga Ƙonni, dogo, mai kaɗa jita a ƙungiyar masu wasan biki. Ɗan akwati ne zagayayye, da maɓallin takawa ɗaya da na murɗawa biyu. Ya ce ya lalace ya kai wa wani mai gyaran rediyo a can, mai gyaran ya yini a kansa ya mayar masa da shi yana murna. Muka haɗa jita da amfilifaya, ya taka, sauti ya fito tas. Na ce a raina to ai an gyara, me kuma ake nema? Mutumin kuwa kamar ya yi kuka.

"Malam, ya kashe mini shi," in ji Bazabarmen. "Da can kuka yake yi, yanzu magana yake yi."

Malam Arzika ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "To, yi min kukan da bakinka in jiya."

Ƙaton mutum ya tsaya a tsakiyar rumfa ya toshe hanci yana zzzz, masu jiran gyara suna faɗuwa don dariya. Maigidana bai ko murmusa ba. Ya sa shi ya maimaita har ya gamsu, sannan ya buɗe akwatin ya daɗe yana kallo. Ya ce mini, "Altine, mai gyaran ga ba mugu na ba, aikinai yay yi. Ya ishe ƙara, ya kashe ta. Bai san ƙarar anka saya ba." Gaskiya ne, mu masu rediyo rayuwarmu duka yaƙi muke yi da ƙara, wa zai ce mana akwai wanda ke nemanta? Ya cire sababbin transistocin da aka sa, ya tona gwangwanina ya zaɓo tsofaffi biyu ya liƙa. Da Bazabarmen ya sake takawa, mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo yana kare kunne da hula, yana tambayar wa ya taɓo gidan zirnako. Daga ranar sunan ya bi abin, a Illela ba mai cewa faz sai zirnako.

In ka buɗe cikinsa sai ka raina shi. Transista biyu ne, da 'yan rasista, da kondensa, da batir ɗaya. Aikinsa shi ne ya ɗura wa sautin jita ƙarfin da ya fi ƙarfinsa har ya tsage, sannan ya riƙe shi ya daɗe bai mutu ba. To amma tsagewa iri-iri ce, kuma nan sana'ar take. Transista kala biyu muka sani. Akwai tsofaffi masu murfin ƙarfe da ake samu a rediyoyin iyayenmu, muna ce musu masu hula. Akwai sababbi na baƙar roba, muna ce musu baƙaƙe. Baƙi yana da ƙarfi da kaifi, kuma ba ruwansa da zafi ko sanyi, yadda ya kwana haka zai tashi. Mai hula muryarsa kauri gare ta da laushi, tana shiga jiki, amma ɗan lallashi ne. Malam Arzika yakan ɗora mai hula a mita ya riƙe shi da yatsu biyu yana kallon allura. Wanda allurarsa ta ruga da ɗumin hannu kaɗai, ba shi da amfani. Wanda ta taka a hankali shi ake so. Sannan sai a haɗa su biyu, mai rauni a gaba, mai ƙarfi a baya. Yakan ce kamar shanun huɗa ne, in ba a haɗa su daidai ba kunya karkacewa take yi.

Bayan Bazabarmen ya koma, labari ya bazu, masu jita suka fara tsallakowa. Akwai samarin Buzaye da suka dawo daga arewa da jita a kafaɗa, akwai masu wasan biki, akwai yaran ma'aikatan da aka turo daga kudu masu kiɗa a cocinsu. Da gyara muka fara, daga baya muka koma ƙerawa. Maigidana yana da doka: ba ya ba mutum zirnako sai ya zo da jitarsa, don wanda ya yi daɗi da wannan jita yana iya yin kukan jaki da waccan. In mutum ya zo, ba ya barinsa ya buga waƙa. Sai ya ce taɓa tsirkiya ɗaya ka riƙe, mu ji inda za ta kai. Sannan ya ce murɗa maɓallin ƙarar da ke jikin jitarka ƙasa, a hankali. Zirnako na kirki, kana ragewa yana washewa, har ya koma kusan muryar jita zalla da ɗan yashi-yashi a ƙasanta. Na banza ko dai ya ɗauke gaba ɗaya, ko ya ci gaba da hayaniyarsa kamar ba da shi ake ba. Wannan gwaji shi ne zaɓen, sauran duk ado ne.

Amfani da shi ma sai an koya wa mutum. Daga jita sai shi, ba a sa wani abu a tsakaninsu. Ba a haɗa tsirkiyoyi duka a daka, in ka yi haka kunu za ka dama, ba mai gane me kake kaɗawa. Tsirkiya ɗaya, in ta yi yawa biyu. Sabon batir yana sa shi tsiwa, shi ya sa muke ajiye wanda ya ɗan sha aiki. In ka gama ka zare waya, in ba haka ba ka wayi gari batir ya mutu. Kuma yana da wata tsiya da ba mu sani ba sai da ta faru: yana kamo tashar rediyo. Wani mai wasa ya dawo mana a fusace, wai ana tsakiyar biki da la'asar, ya tsaya ya sha ruwa, sai lasifika ta kama karanta labarai da Faransanci. Wata tsohuwa ta tattara zanenta ta ce aljanin ma na ƙetare ne. Malam Arzika ya ƙara wata 'yar kondensa a bakin shiga, aljani ya koma gida.

Sai shekarar wahala ta zo. Aka rufe iyaka, damina kuma ta ƙi. Masu jitar ƙetare suka ɗauke ƙafa, kayan gyaran da muke samu ta can suka yanke. Wanda bai da hatsi a rumbu ba ya tunanin rediyo, bukukuwa ma aka yi ta ɗagawa. Mukan buɗe rumfa da safe mu rufe da yamma ba wanda ya yi sallama. Masu gyara da dama suka bar garin. Malam Arzika bai fasa fitowa ba, kuma bai bar ni na zauna ba. Sai ya sa in kwance abin da na liƙa jiya in sake liƙawa, wai hannu ma mantuwa gare shi. A lokacin haushi nake ji, amma a shekarar nan liƙina ya zama liƙi.

A bazarar da ta biyo baya Labbo ya zo. Mun san shi, yana cikin masu kawo mana jita. Ɗan wani ƙauyen masunta ne a bakin tafkin Kalmalo, ubansa Baba Nomau shi ne mai gogen Sarkin Ruwan ƙauyen, gado tun kaka da kakanni. Labbo ya bar goge tun yana saurayi, ya tafi Ƙonni ya dawo da jita. Ya gaishe da maigidana, ya tsuguna, ya daɗe yana wasa da tsinke a ƙasa kafin ya yi magana.

"Malam Arzika, zirnako nika so, amma ba irin na biki ba. Wanda za shi yi kukan goge."

"Kai ɗan Nomau, goge na gidanku, ka zaka rumfar rediyo nemanta?"

"Hannun Baba ya ƙiya," in ji Labbo. "In ya ɗauki izgar goge rawa hannun ka yi. Ni kau na daɗe da sakin ta, ko na goga ba ta amsa min."

Ya yi mana bayani. A ƙauyensu ba a buɗe su, wato kamun kifi na gayya, sai an kaɗa taken Sarkin Ruwa, kuma gidan Nomau ne ke kaɗawa. Ba mai sa ƙafa a ruwa kafin nan. Bana tafkin ya janye ƙwarai, an yanke a buɗe su kafin sauran ruwan ya ƙafe. In gidan Nomau ya kasa, za a ba wasu masu goge na Amarawa, waɗanda tuni sun aiko da gaisuwa, kuma take in ya bar gida ba ya komowa. Labbo ya san taken kamar sunansa. Matsalar ita ce akwai wuri a cikinsa da goge ke riƙe kuka ɗaya ba yankewa, tun Sarkin Ruwa na bakin gaɓa har ruwa ya kai masa ƙirji. Jita kuwa ka taɓa ta, kafin ruwa ya rufe idon sawu sautin ya faɗi.

"Tsohon ya sani?" in ji Malam Arzika.

"Na hwaɗa mai, bai ce komi ba. Tun da nid ɗauki jita bai ƙara yi min maganar kiɗi ba. Sarkin Ruwa ya ce in kaɗa. In Baba ya ce take na, to take na. In bai ce ba, shi ke nan."

Masu hula na kirki sun ƙare mana a lokacin, sai tarkace. Maigidana ya ba ni kekensa ya ce in bi ƙauyuka neman matattun rediyoyi, tsofaffi kawai. Na zaga Darna Sabon Gari, na zaga Amarawa, na dawo da buhu, muka gwada, duk allura gudu take yi. Daga ƙarshe na faɗa wata rugar Fulani suna ɗaure kaya za su yi kudu da abin da ya rage musu na shanu. Wani dattijo ya shiga bukka ya fito da rediyo a cikin rigar fata, ya miƙo mini. Ya ce, "Ɗauka, tun bara ba ta magana. Ko ta yi, ba ta da labarin ruwa." A cikinta muka samu biyun da Malam Arzika ya riƙe a yatsu ya gyaɗa kai.

Akwatin wani mai zubin tukwanen alminiyam ne ya zuba mana. Maigidana ya yi ta canza kondensa yana sa Labbo ya taɓa, yana rage kaifi, yana neman wannan 'yar muryar hanci ta goge. Da yake goge ba shi da matakai a wuya irin na jita, sai ya yanko guntun bututun kan keke ya goge bakinsa, ya ce Labbo ya zura a yatsa ya riƙa zamewa a kan tsirkiya. Ya kuma nuna masa inda zai tsaya kusa da lasifika, a ɗan karkace, yadda sautin da ke fita zai dawo ya riƙa kaɗa tsirkiyar da kansa. Da safe muka gwada duka. Ban taɓa jin abu irinsa ba. Mai shayi ya bar ruwansa yana tafasa ya zo ya tsaya, wani mai jaki ya tsayar da jakinsa a tsakiyar hanya. Labbo ya riƙe kukan nan har na gaji da riƙe numfashi, bai faɗi ba. Ni har na fara murna.

"Wane lokaci za a buɗe su ɗin?" in ji Malam Arzika.

"Sai mutanen ƙauyuka sun taru. Wajen azahar."

"To mu jira azahar."

Da rana ta take muka fitar da kayan bayan rumfa. Labbo ya taɓa tsirkiya, zirnako ya yi tari, ya yi fat-fat, ya shaƙe. Abin da maigidana ke tsoro ke nan: mai hula ba ya jure zafi, kuma zafin bazarar Illela ba sai na ba ku labari ba. Muka kai shi inuwa, bai canza ba, don iskar kanta wuta ce. Labbo ya ce a sa baƙaƙe mana, tunda su ba ruwansu da rana. Aka sa. Ya riƙe sauti da kyau, amma kamar ana yage kwanon rufi. Labbo da kansa ya zare waya ya ce, "Baba ba shi amsa wanga." Aka mayar da masu hula.

Washegari Malam Arzika ya zo da sabuwar tukunyar ƙasa a ka, shi da ko jakarsa ni ke ɗaukar masa. Ashe a gida, duk bazara, a gindin randa yake ajiye gwangwanin masu hularsa, a kan jiƙaƙƙen yashin nan mai sanyi. Ya zuba yashi a tukunyar ya yayyafa ruwa, ya naɗe akwatin a leda ya ɗaure bakin da kyau, ya binne shi, wayoyi biyu kawai suka leƙo. Ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya ce in riƙa yayyafa wa jikin tukunyar ruwa ta waje ina fifitawa da faifai. Muka jira rana ta kai inda ta kai jiya. Labbo ya taɓa, kukan safiya ya dawo.

To amma abin da ke binne a yashi ba ya takuwa. Dole a bar shi a kunne, kuma farkon taken a natse yake, ba ya son ƙara. Nan gwajin nan na murɗa maɓalli ya zama shi ne kiɗan gaba ɗaya. Labbo ya koyi naɗe ɗan ƙaramin yatsansa a maɓallin jita, yana kaɗawa yana murɗawa a lokaci guda, ya rage ya washe, ya ƙara ya yi kuka. Kullum da tsakar rana yana bayan rumfarmu, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan jita, yatsan ya kumbura ya fashe, bai ce a huta ba. Na ga masu jita da yawa kafin shi da bayansa, ban ga mai naci irin nasa ba, kuma ina faɗa ne don ya burge ni.

Ranar buɗe su muka ɗora batirin mota da amfilifaya da lasifika a amalanke, ni na rungume tukunya. Tafkin ya koma can tsakiya, sai da muka yi tafiya a kan busasshen taɓo kafin mu kai ruwa. Mutane sun yi layi a gaɓa da homa da gora, an ƙi shiga ana jira. Da suka ga tukunya da wayoyi sai tsokana ta tashi, wani ya ce, "Labbo, dahuwa kaka yi muna tun ba a kamo ba?" Masu gogen Amarawa suna gefe a zaune, gogensu a naɗe cikin zane a kan cinya. Baba Nomau yana kan tabarma, doguwar fuska, ya ɓoye hannun damansa a cikin riga. Labbo ya je ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa gaisuwa kawai. Sarkin Ruwa ya tsaya a bakin ruwa ya ɗaga hannu, aka yi tsit.

Labbo ya fara a hankali, sautin a washe. Ina yayyafa ruwa daga buta ina fifita, Malam Arzika ya tsuguna ya dafa jikin tukunya da tafin hannu yana jin sanyinta. Da aka zo wurin, ɗan yatsan nan ya murɗa, kukan ya tashi ya bi kan ruwa. Masu tsokana suka rufe baki. Na ga wata tsohuwa ta waiga tana neman inda gogen yake. Ya riƙe, ya riƙe, sannan ya sauke ya rufe taken. Sarkin Ruwa bai motsa ba. Ya juyo ya ce, "Nomau, mi kac ce?"

Tsohon ya yunƙura ya tashi, ya tako har gaban ɗansa.

"Ba haka na ba," in ji shi.

Na ga ɗaya daga cikin mutanen Amarawa ya fara kwance zanen gogensa.

"Ka sauko da wuri," Baba Nomau ya ci gaba. "Kakanka ba shi sakinta nan. Sai ya girgiza ta, ya hau da ita kaɗan, kana shi saki. Sake." Ya zaro hannun nan mai rawa daga cikin riga, a gaban kowa, ya ɗora a kafaɗar Labbo. "In na matsa, ka saki." Ya juya ga Sarkin Ruwa. "Ranka shi daɗe, a shiga."

Ni kuwa ruwan butata ya ƙare, jikin tukunya ya fara bushewa yana yin fari-fari. Kafin in buɗe baki Malam Arzika ya tuɓe babbar rigarsa, ya miƙa hannu daga gaɓa ya tsoma ta a ruwa ba tare da ya sa ƙafa ba, ya dawo ya lulluɓe tukunyar da ita. Ya tsuguna daga shi sai 'yar shara, ya karɓe faifan daga hannuna yana fifitawa da kansa.

Labbo ya sake ɗaukowa daga farko. Da kukan ya tashi Sarkin Ruwa ya sa ƙafa. Ruwa ya kai gwiwa, sautin na nan. Ya kai ƙugu, Labbo ya girgiza bututun ya ɗan hau da shi, zirnako bai ko yi tari ba. Tafkin ya yi ƙasa a shekarar, sai da Sarkin Ruwa ya yi nisa kafin ruwa ya kai masa ƙirji, kuma duk tsawon tafiyar nan yatsun tsohon ba su matsa ba. Sai da Sarkin Ruwa ya tsaya ya ɗaga hannu sannan na ga kafaɗar Labbo ta lotsa. Ya saki. Gaɓa duka ta ɗauki ihu, mutane suka afka ruwa da homa da gora, taɓo na tashi sama.

Cikin ɗan lokaci ba kowa a gaɓa sai mu huɗu. Baba Nomau ya sunkuya ya ɗaga gefen jiƙaƙƙiyar rigar, ya leƙa tukunya, bai ga komai ba sai yashi.

"Arzika, mi ac cikinta?"

"Rediyon wani Bahillace ta, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai kamar amsar ta ishe shi. Ya mayar da hannunsa cikin riga, ya juya zai koma tabarmarsa, sannan ya tsaya. Bai dubi Labbo ba, ruwa yake kallo.

"Gobe ka zaka gida da tukunyar ga," in ji shi. "Wanga take guda na. Akwai na hita ruwa, akwai na rabon kihi, akwai na ranar da ba a kama komi ba. Ko ɗaya ba ka sani ba."

Labbo ya durƙusa da jita a wuyansa ya ce, "To, Baba." Ni na naɗe masa wayoyinsa ranar.